Kunnen da Na Ce Na Sani

Ku matso kusa, muryata ba ta kai nesa yanzu. Wannan ba irin labarin da nake ba jikokina ba ne su yi dariya su watse. A kaina ya faru, a nan Yamai, ina da idanuna biyu da hankalina.

Ni Bagobira ce. A garinmu, can ƙasar Maraɗi, mace ba ta kallon ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane. In ya yi kuka sai ta kau da kai, har wata ta miƙo mata shi, ta ba shi nono fuskarta na duban bango. Haka aka yi mini, haka na yi. Ranar da aka yaye shi, yayar ubansa ta zo ta goya shi ta tafi da shi ƙauyensu, aka ce ya zama ɗan gwaggo. Ina daka a lokacin. Ban ajiye taɓarya ba. Matan gida suka yaba mini, suka ce yarinyar nan ta san kunya.

Daga baya muka taso Yamai, maigidana yana ɗinki a unguwar Bukoki. Na haifi mata biyu. Su kam na goya su, na yi musu kitso, na san kowane tabo da ke jikinsu. Maigida ya rasu. Gwaggon ta rasu. Yaron ya girma a can, ya shiga soja bai shawarci kowa ba, don babu wanda ya rage masa da zai shawarta. Da aka kawo shi barikin nan Yamai yakan zo gaishe ni ranar Juma'a. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "Ina wuni, Inna." Ni kuwa in dubi ƙanwarsa in ce, "Ki ba baƙo ruwa." Hirarmu ke nan. Takalmansa na sani, don su nake kallo. Muryarsa na sani. Sai ƙeyarsa, in ya juya zai fita, nan kam nakan saci kallo.

Shekarar da ƴan tawaye suka hau duwatsun Azbin aka tura su arewa. Ya zo sallama. Na ce wa ƙanwarsa, "Ki ce masa Allah ya tsare." Yana tsugune a gabana, bai fi taku uku ba.

Damina ta yi nisa, wata rana da hantsi ina tankaɗe, sai aka yi sallama. Wani sarjan ne, Bazabarme, hannunsa rataye a wuya da farin ƙyalle. Na san shi, sun sha zuwa tare da yaron. Mu da Zabarmawa abokan wasa ne, shi kuwa wannan bakinsa ba ya hutawa. Kullum ya shigo sai ya ce, "Ina baiwar tawa? Bagobira, kawo tuwon ubangidanki!" Ni kuma in ce, "Ɗan talaka, wa ya ara maka takalmi har ka samu bakin magana?" Ran nan ya shigo ya zauna a ƙasa, ya ce, "Inna, kala suru." Haƙuri ke nan da bakinsu. Na ajiye rariya. Ƙaramar ɗiyata, wadda ke zaune tare da ni da ƴaƴanta, ta fito daga ɗaki ta tsaya.

Ya ce, "Inna, ba ki san dutsen can ba. Ba irin tudun da kike gani a hanyar garinku ba ne. Baƙi ne ƙirin kamar an ƙona shi, wannan ya hau kan wannan, wannan ya hau kan wancan, har sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi."

Motoci uku suka tashi da su. Hanya ɗaya ce, wani busasshen rafi mai yashi tsakanin duwatsu biyu, mota ɗaya ke wucewa a lokaci guda. Rana ta ɗaga suka shiga. Motar gaba, inda yaron yake, ta taka nakiya. Ta tashi sama, ta dawo da wuta. Kafin ƙarar ta mutu aka soma zuba musu harsashi daga bisa, dama da hagu.

Ɗiyata ta ce, "Kun gan su?"

Ya ce, "Wa za ki gani? Mutanen nan a dutsen aka haife su. Mu muna ƙasa kamar wake a faifai, su suna sama. Ki ji harbi a dama, ki juya, ashe dutsen hagu ne ya maido da ƙarar. Muna harbin dutse, dutse yana harbinmu."

Ya ce gangar ruwansu aka fara hudawa. Yana kwance ƙarƙashin mota yana kallon ruwan yana tsiyaya, yashi yana shanyewa, tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba, amma ba halin ya miƙa hannu. Ƙarfe ya yi zafi har ba ya taɓuwa. Haka suka wuni, tun hantsi har la'asar, wanda ya ɗaga kai ba ya sake ɗagawa. Da inuwa ta faɗo cikin rafin, babbansu ya ce a janye. Mota ɗaya ce ta yarda ta tashi, suka zuba masu rauni a ciki suka fita da baya da baya, don babu wurin juyawa. Bayan kwana biyu suka komo da ƙarin sojoji. Babu kowa a dutsen, sai kwanson harsashi da tokar da aka dafa shayi. Suka tattara nasu suka binne. Mutum biyu na motar gaba ba a gan su ba, ba cikin matattu ba, ba cikin rayayyu ba. Ɗaya ɗana. Ɗaya wani yaro daga ƙasar Dogon Dutsi.

"To ga abin da ya kawo ni," in ji shi. Wasu matan Buzaye masu kiwon awaki sun tsinci mutum ɗaya a cikin tsaguwar dutse, can nesa da rafin. Wuta ta cinye tufafinsa da takardunsa da fuskarsa. Suka riƙa matsa masa nonon akuya a baki da tsumma, suka ɗora shi a jaki suka kai shi bakin hanya. Yanzu jirgi ya kawo shi Yamai, yana kwance gidan likita, ba ya magana. "Ɗaya daga cikin biyun ne. Ni na ci da su na kwana da su, amma wallahi na duba na kasa. Tsawonsu ɗaya, baƙinsu ɗaya, duk ba su da zane ko tsaga a jiki. Uwar wancan tana wani ƙauye da ruwa ya datse hanyarsa. Ke ce kusa. Kapitan ya ce a zo da ke, ya ce uwa za ta gane."

Washegari muka shiga taksi ni da ɗiyata, muka gangara ta Gaweye, bakin kogi. Kogi ya cika, ruwan ya yi ja wur. Kapitan ɗin yana zaune a biro, wato ofishinsa, da takarda a gabansa. Ya gaishe ni da ladabi, sannan ya soma tambaya. Yana da tabon ƙuna na yarinta? Ya taɓa karyewa? Akwai haƙorin da ya fita? Yatsunsa duk lafiya? Ya tambaya ya jira, ya tambaya ya jira. Ni ina kallon ƙafar teburinsa.

"Inna, ɗanki ne fa, ko?"

Ɗiyata ta ce, "Ɗan fari ne. Gwaggonmu ta riƙe shi, ta rasu."

Ya ajiye alƙalami. Shi ma Bahaushe ne, bai ƙara tambaya ba.

Aka kai mu ɗakin. Mai kula da shi wata mace ce mai jiki, ƴar Maraɗi, majo suke kiranta, Kirista ce, da ƙaramin gicciye a wuyanta. Ta yaye zanen gado. An naɗe kansa duka da farin ƙyalle, sai ƴar kafa wajen hanci da baki. An naɗe ƙirji da hannun hagu. Na dubi ƙafafu, na dubi gwiwa, na dubi hannun dama. Jikin namiji ne, ɗan wata. Babu abin da ya ce mini komai. Uwa ce aka kira, ga uwar ta zo.

Sai na ga kunne. Kunnen hagu ya tsira, yana waje, ƙarami, samansa ya ɗan lanƙwasa ciki. Na rufe ido ina neman kunnen maigidana a zuciyata. Na buɗe, na sake rufewa. Ina ƙara kallon na kan gado, na maigidana yana ƙara komawa kamarsa.

Na ce, "Nawa ne."

Kapitan ya ce, "Ki duba da kyau, Inna. In kin ce naki ne, gobe zan tura mutum ƙasar Dogon Dutsi ko da ƙafa ne, ya kai wa wata mata labarin da ba a son kaiwa."

"Nawa ne. Kunnen ubansa ne."

Ban ce ƙarya na yi ran nan ba. Ban kuma ce gaskiya na faɗa ba. Abin da nake so na gani, shi na gani.

Na kawo tabarmata da butata na tare a gefen gadon. A ɗakin nan babu surukai, babu matan gida, babu wanda zan ji wa kunya. Na wanke ƙafafunsa da ruwan ɗumi, yatsa bayan yatsa. Na shafa musu man kaɗe. Na yanke masa farce. Na kore masa ƙuda da gefen mayafina. Majo ta shigo ta ce, "Inna, za ki ƙarar mini da majinyaci da shafa. Ƙafar nan ai ta fi ta amarya laushi, soja ne fa, ba ɗan suna ba." Na ce, "Ke dai yi allurarki ki ba mu wuri." Ta yi dariya har tana riƙe ƙugu.

Na yi masa magana kuma. Na gaya masa ranar da aka tafi da shi hatsin da na daka sai da aka sake dakawa, don ban ga abin da nake yi ba. Na gaya masa duk Juma'a nakan dafa abin da na ji gwaggonsa ta ce yana so, in ce wa yara ni ke sha'awa. Wata rana da azahar, ɗakin babu kowa, na sunkuya wajen kunnen nan na kira sunansa. Tun ranar da liman ya raɗa shi ban taɓa furta shi ba. Bakina ya ji shi baƙo. Bai motsa ba. Na ce barci yake.

Kwana tara ana ciyar da shi ta jijiya. Ran na goma lokotoro, babban likitan, ya ce a gwada kunu, kaɗan kaɗan. Na dama da hannuna, na tace, na bari ya huce. Na ce, "Ga kunu, buɗe bakinka." Ya ji ni. Amma kafin ya buɗe bakin, sai hannunsa na dama ya tashi daga kan gado. Ya taɓa goshi. Ya sauko ƙirji. Ya je kafaɗa, ya je ɗaya kafaɗar. Sannan ya buɗe baki.

Na ce ƙuda ne yake kora. Da yamma na kawo kunu, hannun ya sake tashi, ya bi hanyar nan dai, bai ɓata ko ɗaya ba. Ni ban je lakwal ba, ban yi boko ba, amma na zauna gida ɗaya da wani malamin makaranta Kirista da iyalinsa shekara da shekaru. Na san abin da suke yi kafin su sa hannu a kwano. Ɗana kuwa Musulmi ne, a hannun gwaggonsa ya sauke Alƙur'ani.

Ga inda laifina yake, ba a wajen kunne ba. Washegari na jira majo ta fita. Na zauna a bakin gado, na kama hannun nan na danne shi ƙarƙashin nawa, na ɗauki cokali da ɗaya hannun. Na ji yana ja. Ba shi da ƙarfin da ya kai na jariri. Ya ja, ya ja, ya bari. Ya sha kunun. Na ce wa kaina ciwo ne, wuta ta taɓa masa kai, wataƙila a bariki ya ga abokinsa yana yi. Na ce wa kaina matar can ta riga ta ji, ta riga ta yi kukanta, me zai sa a tayar mata da shi? Ba abin da ban ce wa kaina ba. Ɗiyata takan zo da abinci ta ce, "Inna, kin rame." In ce zafin ɗakin ne. In na yi sallah sai in rasa abin da zan roƙa. In roƙa masa sauƙi, in ya samu sauƙi zai yi magana. In kuwa ban roƙa ba, wace irin mace na zama?

Kwana huɗu ina danne hannun. Ran na biyar na danne, na kai cokali, ya rufe bakinsa. Na lallashe shi, na ce ɗan kaɗan, don Allah. Ya ƙi. Da rana ya ƙi, da yamma ya ƙi. Na ga farin ƙyallen ya jiƙe daidai inda idanu suke. Majo ta zo ta ga kwanon cike, ta daina wasa. Ta ce, "Inna, mutumin nan fatarsa ce ke son fitowa, in bai ci ba ba za ta fito ba. In ya ƙara kwana biyu haka, baya za mu koma. Me ya same shi? Jiya yana sha."

Matan Buzaye da ba su san shi ba sun raya shi da tsumma da nonon akuya. Ni da nake cewa na haife shi, ga inda na kai shi.

Na ce wa majo, "Ɗiyata, kada ki fita. Tsaya ki ga wani abu."

Na ɗauki kwanon da hannu biyu, don kada ɗaya ya ci amanata. Na ce, "Ga kunu." Ya daɗe bai motsa ba, kamar yana jiran ya ji an danne shi. Sannan hannun ya tashi. Goshi, ƙirji, kafaɗa, kafaɗa. Ya buɗe baki. Na ba shi, ya sha, na ba shi, ya sha, har kwano ya ƙare. Majo tana tsaye, hannunta a wuyanta.

"Tun yaushe?"

"Yau kwana shida."

Ta zauna a gadon da ke kusa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. "Inna, kin san abin da aka aika wa matar can?"

"Na sani."

"To ni zan gaya wa kapitan, ko ke?"

"Ni na ce nawa ne. Ni zan je."

Na je. Kapitan ya saurare ni har na gama, ya ɗaga tarho ya ce a je a zo da matar.

Bayan kwana uku ta iso. Siririyar mace, tsarata, da baƙin zane, taɓo ya bushe a ƙafafunta har idon sawu. Ina zaune da kwano a hannu, don ban iya barinsa da yunwa ba kafin ta zo. Ba ta dubi fuska ba, ba ta dubi kunne ba. Ta wuce kai tsaye ƙarshen gado, ta yaye zane, ta kama ƙafar hagu ta juya tafin. Akwai wani farin layi a wurin, daga dunduniya zuwa tsakiya. Kullum ina shafa masa mai, na ɗauka duwatsun can ne suka yanke shi. Ta ce, "Hauya ce. Yana ɗan shekara bakwai, a gonar kakansa." Sai ta kira sunansa da ƙarfi, yadda ake kiran yaro daga bakin rijiya. Mutumin da bai taɓa yin ko nishi ba ya yi wata ƙara daga cikin ƙyallen.

Na miƙe zan fita, ta juyo.

"Ke ce?"

"Ni ce."

"Baiwar Allah, mun yi masa addu'ar mamaci a majami'a. Na raba kayansa. Rigarsa ta Kirsimeti tana jikin ɗan maƙwabta. Ƙanensa ya yi kwana uku bai ci ba."

Na ce, "Ki yafe mini."

Ba ta ce ta yafe ba. Ta dubi ƙafafun, sun yi sumul, farce a yanke. Ta dube ni. Sannan ta miƙo hannu ta ce, "Kawo cokalin."

Na ba ta. Na naɗe tabarmata, na ɗauki butata. Majo ta raka ni har bakin ƙofa tana riƙe da gwiwar hannuna.

Da na isa Bukoki na ce wa ɗiyata ta share tsakar gida ta shimfiɗa tabarmi, ta aika a gaya wa liman da dangi. Ta ce, "Ya rasu?" Na ce, "Tun ranar dutsen. Wancan ɗan wata ne." Har yau ba a ga inda nawa yake ba. Sarjan ya ce sun sake komawa sun duba, dutsen yana da ramuka da yawa.

Mata suka cika gidan, na Bukoki da na garinmu. Ƙannensa suna kuka a fili, su an yarda musu. Ni na zauna a ƙuryar ɗaki na fuskanci bango, yadda uwar ɗan fari take zama. Aka yi ta shigowa ana mini gaisuwa, ina cewa a gode musu. Na ji wata tsohuwa ƴar garinmu a bayana tana gaya wa ta kusa da ita, "Kin gani? Ko hawaye. Irin tarbiyyar mutanen da ce, yanzu babu su."